Ranar da Aka Karanta Shekarun Giwa

Makarantar ta ga shugabanni goma sha ɗaya, an sake mata rufi sau biyu, an ma taɓa sake mata suna, amma abin da ya riƙe ta a tsaye duk tsawon wannan lokaci mutum ɗaya ne da abin aikinsa: Direba da Giwa. Wannan magana tabbatacciya ce, don daga bakin Direba ta fito, kuma ya maimaita ta har ba wanda ya rage da ƙarfin musawa.

Direba bai taɓa tuƙa mota ba. Giwa kuwa tsayinta bai wuce gwiwa ba. Abin yankan ciyawa ce mai taya huɗu, irin wadda ake fizgar igiya ta tashi, sannan a bi ta a baya ana turawa. Ɗalibai ne suka raɗa musu sunayen don tsiya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, ya ɗauka karramawa ce. Waɗanda suka raɗa sun gama, sun yi aure, wasunsu har sun yi furfura. Sunan dai ya zauna, har matarsa da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Gaskiya ɗaya, ya iya aikinsa. Da safe zai buɗe rumfar kwano da ke bayan ɗakin gwaji, da makullin da ke rataye a wuyansa, ya turo Giwa waje. Ya zaro tsinken baƙin mai ya duba, ya goge a wando. Ya sunsuna fetur kafin ya zuba, don ya ce hancinsa ya san wanda aka gauraya. Kullum daga gaban ofishin shugaba yake farawa, inda za a gan shi, ya bar bayan banɗaki sai ciyawa ta kai ƙugu. Duk dogon hutu sai ya yi wa Giwa koren fenti, sabo a kan tsoho, ba kankara, har ta yi ƙiba a jikinta kamar wadda ake kiwo.

Amma babban aikinsa shi ne tarihi. Duk wanda ya tsaya kusa da ciyawa, ko da takalminsa ya tsaya ɗaurewa, sai Direba ya kashe inji ya matso.

"Rana ɗaya muka kama aiki, ni da ita," zai ce, yana dafa mariƙinta. "Ana sauke ta daga mota cikin kwali, ni kuma ina tsaye da takardar ɗaukar aiki a hannu. Tun daga ranar ba a taɓa kwance mata noti ɗaya ba. Yadda mai ƙira ya ɗaure ta, haka take."

Yawan shekarun yakan danganta da mai sauraro. Sabon malami yakan ji talatin, iyayen yara su ji arba'in. Da makarantar ta buga mujallar tarihinta, aka ɗauke su hoto shi da Giwa, aka sa maganar nan tasa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya yanke shafin ya sa a gilashi, ya rataye a ɗaki, daidai inda baƙo zai fara kallo in ya zauna.

Sai ga takarda daga sama: duk ma'aikacin da ya cika shekara talatin da biyar ya tafi gida ya huta, ya kuma bar gidan ma'aikata cikin wata uku. Direba yana da ɗaki biyu a bayan katangar makaranta. A nan aka haifi 'ya'yansa shida, a nan keken ɗinkin matarsa yake a bakin taga. Ba shi da wani gida da ake nufin ya tafi.

Magatakardar makaranta ce ta kira shi. Mace ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta yarda da abin da ba a rubuce yake ba. A gabanta akwai fayil ɗinsa, ko abin da gara ta rage: bango da igiyar ɗauri.

"Baba, zauna. Yaushe ka kama aiki?"

Tambayar da ya ƙare rayuwarsa yana amsawa tun ba a yi ta ba, yau aka yi ta, ta same shi ba shiri.

"To, ranki ya daɗe, ai ba a wani daɗe ba."

"Ba a daɗe ba?"

"Kwanaki ne kawai suke gudu."

"Baba, ina aji ɗaya a makarantar nan ka kore ni daga kan ciyawa, har takalmina ya fita. Yanzu 'yata ce a aji ɗaya."

"An yi wani mai kama da ni a da. Mutane suna yawan faɗa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, abin da ta tuna ba hujja ba ne, don ba a sa tunani a fayil. Rai ya fara dawo masa, sai ta jawo aljihun tebur ta fito da mujallar, ta buɗe shafin, ta karanta masa maganarsa a hankali, kalma bayan kalma.

"Wannan a rubuce take," in ji ta. "Rana ɗaya kuka kama aiki. An ce masu ƙera irin waɗannan abubuwa suna buga ranar ƙira a jikin ƙarfe. Ran Alhamis za a duba. Shekarunta su ne naka."

Da ya koma gida ya ba da labari, matarsa ba ta ko tsayar da keke ba.

"Baki shi ke yanka wuya, Malam. Da mai mujalla ya zo, da ka ce na gode ka tsaya a ɗauki hoto, wa zai san ka? A'a, sai da ka zaunar da bawan Allah har alƙalaminsa ya ƙare."

"Yanzu lokacin gori ne?"

"Lokacin tattara kaya ne, in ba ka tashi ba. Kuma ka sani, in aka sallame ka, ba zan iya da kai daga safe har yamma ba. Tarihin Giwa na haddace shi, in ana gasa ni zan zo ta ɗaya." Ta ciji zare. "Ka je wurin Auta. Ku biyu kun san abin da kuka binne."

Direba ya dube ta baki sake. Shekara goma sha ɗaya yana zaton mutum biyu ne kawai a duniya suka san zancen.

Ga yadda abin ya faru. Wata rana cikin dogon hutu ya tsiyaye wa Giwa tsohon baƙin mai, yana shirin zuba sabo, sai ga wasu baƙi sun zo duba gini. Ya tare su. Ya ba su tarihi tun daga kwali, ya haɗa musu da sunayen shugabanni. Don ya cika musu hujja sai ya fizgi igiya, ya zagaya da ita gabansu. Suka yaba suka tafi. Giwa ta yi minti shida tana aiki ba ɗigon mai a cikinta, sannan ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ta yi shiru. Ya ɗora ta a baro, ya lulluɓe da yankakkiyar ciyawa, ya tura ta ta ƙofar baya har garejin ƙanin matarsa. Shi ne Auta, bakanike, wanda yanzu ya haura hamsin amma sunan bai sake shi ba. Auta ya duba ya ce wannan inji sai dai a yi masa addu'a. Ya samo wani daga jikin wata irinta da mota ta take a wani otal, ya ɗaura. Direba ya bi da koren fenti. Sati bai zagayo ba ya koma ba da tarihi, har da ƙarin cewa ko fulogi sau biyu kacal ya taɓa sakewa.

Ya sami Auta a tsugune gaban wani janareto, hannu dumu-dumu da mai.

"A'a, mijin Yaya! Yau da ƙafa? Ina aka ajiye motar?"

"Bar wasa, Auta. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada."

Ya zayyana masa komai. Dama Auta ne makarantar take kira in wani inji ya lalace, kuma Direba ne ya yi masa hanyar. Auta ya saurara yana murmushi irin na wanda aka kawo wa abin da ya daɗe yana jira.

"Wuri biyu ake bugawa," in ji shi. "Na inji yana jikin murfi, saman fulogi. Lamba shida: biyun farko shekara, biyu wata, biyu rana. Na gangar jiki kuma wani ɗan faranti ne a baya, tsakanin tayoyi, wanda ka binne da fentinka tun ina saurayi. Injin yaro ne. Gangar jikin kuwa sa'arka ce."

"To na injin za ka karanta."

"Ikon Allah! Shekara goma sha ɗaya kana cewa in na buɗe baki za ka mayar mana da Yaya gida. Yau kuma kai ke roƙo in buɗe?"

"Ban ce ka buɗe duka ba. Rabi."

"Kuma in aka ji shekarun injin sha uku ne kacal, ka ce me? Duk garin nan an san tun kafin a kawo wutar lantarki kake tura abin nan."

"Matar nan ba ta aiki da abin da aka sani. Da rubutu take aiki."

Auta ya goge hannu a tsumma. "Ni dai abin da aka nuna min zan karanta. Wanda ba a nuna min ba, ba ruwana. Iyakar abin da zan yi maka ke nan, shi ma don Yaya."

Da Direba ya tsaya a nan, da wataƙila ya tsira da mutuncinsa, don farantin ya nutse cikin fenti har ba a gane akwai shi. Amma shi mutum ne da bai taɓa ganin abu yana zaune lafiya ya ƙyale shi ba. Ran Laraba da la'asar ya shiga rumfa, ya tsuguna bayan Giwa, ya laluba da yatsa ya ji kamar gefen farantin yana ɗan tasowa. Ya ɗauko ragowar fenti a gwangwani ya lafta masa, har shafi uku, don a tabbata.

Ran Alhamis da hantsi aka taru a gaban rumfa. Ga Magatakarda, ga Auta da jakar kayan aiki, ga Mai Sito, wanda kayan makaranta suke hannunsa, rungume da takardu. Mai Sito ya fi kowa shan tarihin Giwa, don sitonsa na kallon rumfar, kuma ba shi da inda zai gudu. Masu dafa abinci da masu shara suka tsaya daga nesa, kowa da abin da ya ƙirƙira yana yi.

Auta ya jiƙa tsumma da fetur, ya goge saman fulogi, ya kankare da bakin sukudireba, ya kanne ido ɗaya.

"Sha ɗaya. Sifili huɗu. Sha tara. Wato sha tara ga watan huɗu, dubu biyu da sha ɗaya. Shekara goma sha uku ke nan, ranki ya daɗe."

"Alhamdu lillahi," in ji Direba, ya ɗaga hannu sama. "Na ce ba a daɗe ba."

"Sha uku?" Mai Sito ya ce. "To wane ne ya tare ni ranar da na fara aiki, shekara ashirin da takwas yau, ya hana ni cin abincin rana?"

"Ba a tambaye ka ba," in ji Magatakarda, tana rubutu. Har ta kusa rufe alƙalami, sai ta ce bari ta zagaya ta ga lafiyar abin. Ta zagaya. A bayan Giwa, tsakanin tayoyi, ga wani wuri kamar tafin hannu yana ƙyalli, korensa ya fi na sauran jikin haske, har wani ƙuda ya maƙale a ciki. Ta sa yatsa. Yatsan ya fito kore.

"Baba, wannan fa?"

"Ado ne, ranki ya daɗe."

"A nan kaɗai?"

"Daga nan nake farawa."

Ta dubi Auta ta nuna wurin. Auta ya dubi mijin yayarsa, ya buɗe hannuwa, alamar an nuna masa. Ya tsuguna ya fara kankara. Ɗanyen fentin ya fita, sai busasshe, sai wani a ƙarƙashinsa. Auta kuwa bai yi aikin shiru ba.

"Ga na bara. Ga na shekarar da aka yi ambaliya. A'a, ga shuɗi! Mijin Yaya, wannan shekarar kore ya ƙare ne?"

Masu shara suka matso, sun manta da tsintsiya. A ƙarshe ƙarfe ya bayyana, ɗan faranti mai ƙusa biyu. Auta ya tofa yawu ya goge da babban yatsa.

"Tamanin da shida. Wata na tara. Shekara talatin da takwas."

Magatakarda ta gyara tabarau.

"Baba, gangar jiki ta girmi injinta da shekara ashirin da biyar, kuma ba a taɓa kwance noti ba. Yi min bayani."

Direba ya dubi sama, ba taimako. Ya dubi Auta, Auta yana shirya sifanu a jaka kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai ya ba da labarin, a karo na farko a rayuwarsa a taƙaice: mai, baƙi, baro. Bai kai minti ɗaya ba. Mai Sito ya nemi bokiti ya kifa ya zauna, yana ta ƙyaƙyata dariya.

"A baro!" yake ta cewa. "Ƙarƙashin ciyawa! Wallahi na gan ka ranar, har na ce maka sannu da aiki!"

Da ya dawo hayyacinsa, sai ya tuna abin da ya kawo shi. Ya ce shi ma yana da takardar cikewa. An umarci kowane sito ya rubuta shekarun kayan aikinsa, duk abin da ya haura shekara ashirin a cire shi daga lissafin kaya a kai bayan gari wurin tarkace. Ya miƙa takardar. Magatakarda ta ɗora ta kusa da takardar shekarun aikin Direba a kan murfin Giwa. Kowacce tana da gurbi ɗaya tak na kwanan wata, ɗan ƙarami, ba wurin bayani.

Ta daɗe tana kallonsu. Ba muguwa ba ce. Mace ce dai da aka ba gurbi biyu da kwanan wata biyu, ta ga lissafi ya tashi daidai.

"Ba zan rubuta abin da ban gani a ƙarfe ba," in ji ta. "Na ga biyu. Kuma ba zan kai wa na sama takarda biyu da lamba iri ɗaya ba, su ce kwafa na yi. Kowacce za ta ɗauki ɗaya. In na ba ka tamanin da shida, ka tafi gida, ita ta zauna da sha ɗaya, a ba wanda za a ɗauka a madadinka. In na ba ka sha ɗaya, ka zauna, ita ta tafi. Baba, kai ka fi kowa saninta. Wanne zan rubuta maka?"

Kowa ya zuba masa ido. Wannan shi ne mutumin da ya ce da shugabanni uku a jere duk ranar da aka raba shi da Giwa a haɗa da likkafaninsa. Ya ɗora hannu a kan mariƙin, inda tafinsa ya cinye fenti har ƙarfe ya yi santsi. Waɗanda suke wurin sun ce ya yi dogon tunani. Auta ya ce iyakar haɗiye yawu ne.

"Ai ita ta tsufa, ranki ya daɗe," in ji Direba. "Dama kwanan nan tana yawan tari. Ban dai so in faɗa ba ne."

Ta rubuta. Mai Sito ya buga hatimi, ya miƙa hannu, Direba ya ciro makulli daga wuya ya ba shi. Da azahar leburori biyu suka ɗauki Giwa, ɗaya gaba ɗaya baya, suka jefa ta bayan mota tare da karyayyun kujeru da wani tsohon firji. Auta ya bi su har ƙofa yana tambaya ko za a bar masa fulogin, tunda sabo ne.

A sabon fayil Direba yana da shekara goma sha uku a bakin aiki. Mai gadin ƙofa, wanda Direba ne ya nuna masa inda famfo yake ranar da ya zo, yanzu yana gaba da shi da shekara huɗu, kuma ya fara kiransa ƙanena. Ɗaki biyun suna nan. Matarsa ta ce ta gode Allah, ta ci gaba da ɗinki. Bisa takarda, saura masa shekara ashirin da biyu kafin ya huta.

Ya tambayi Mai Sito yaushe za a kawo sabuwa. Mai Sito ya ce an rubuta takardar nema, tana kan hanya. Damina ta riga ta sauka, filin ƙwallo kaɗai ya fi kadada guda. Ran Litinin da safe aka kira Direba sito, ya sa hannu, aka ba shi adda.